Ƙirar Da Ke Da Mai Kula Ita Ke Rayuwa: Tarihin Yadda Linux Ta Shigo Wayoyinmu



Yau za mu leƙa tarihin wani abu da yawancinmu muke riƙe da shi a hannu yanzu haka. Manyan wayoyin da suka cika shagunan Azare, irin su Tecno, Itel, Infinix, Samsung da Redmi, manhajar Android ce ke tafiyar da su. A ƙarƙashin Android kuwa akwai wata manhaja da ba a ganin ta a fuskar waya, sunanta Linux. Masana na kiran irin ta kanel, mu kuma za mu ce mata ƙwayar manhaja, domin ita ce a tsakiya. Ita ke raba wa kowace manhaja lokacin aiki da wurin ajiya, ita ke magana da batir da kamara da sifika. In ta tsaya, waya ta zama dutse.

Abin da ya ba mu sha'awa a tarihinta shi ne wannan: Linux ba don waya aka rubuta ta ba. Don nau'in kwamfuta guda ɗaya tak aka yi ta. Yadda aka yi ta iya shiga na'urori iri-iri labari ne na wasu mutane da ba a cika jin sunansu ba, waɗanda aikinsu shi ne kula da saitin da ake harhaɗa ta da shi.

KOWACE ƘWAƘWALWA DA YARENTA

A cikin kowace waya ko kwamfuta akwai firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura. Kowane gidan firosesa yana da tasa ƙira, kowace ƙira kuma da nata yaren umarni. Kamar ranar kasuwa ne a ƙasar Katagum: ga mai Hausa, ga mai Fulatanci, ga mai Barbarci, ga mai Karekare, ciniki ɗaya ake yi amma baki ya bambanta. Ƙwaƙwalwar Intel da AMD da ke cikin yawancin laftof yarenta x86. Ta cikin wayoyinmu yarenta ARM. Umarnin da ɗaya ke ji, ɗayar ba ta san shi ba.

Mutane suna rubuta Linux ne galibi da harshen kwamfuta da ake kira C. Sai wata manhaja mai aikin tafinta ta juya rubutun zuwa yaren ƙwaƙwalwar da ake so. Wannan juyawa ita muke kira harhaɗawa. Amma tafinta ba ya aiki da ka. Dole a gaya masa wace ƙira ake nufi, waɗanne sassa za a saka, waɗanne za a bari. Rubutun Linux ya haura layi miliyan 40 a farkon 2025, wayarka kuwa kaɗan take buƙata daga ciki. Jerin zaɓin da ke cewa "saka wannan, bar wancan" shi ne saitin harhaɗawa.

FARKON ABIN

A ranar 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta ƙwayar manhaja don nishaɗi kawai. Ya faɗa da bakinsa cewa ba za ta ɗauku zuwa wata ƙira ba, saboda ya ɗaure ta da dabarun ƙwaƙwalwar Intel 386 da ke cikin kwamfutarsa. Fitowar farko a watan Satumba na shekarar layi kimanin 10,000 ce. A Janairu 1992 Farfesa Andrew Tanenbaum na Amsterdam, wanda ya rubuta manhajar Minix, ya soki aikin a bainar jama'a, kuma cikin hujjojinsa har da wannan ɗaurewa ga ƙira guda.

A wannan shekarar ta 1992 Linus ya sanya Linux ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar karanta rubutun, ya gyara, ya raba, da sharaɗin shi ma ya bar gyaransa a buɗe. Nan ƙofa ta buɗe. A 1993 wasu masu sha'awa suka fara juya ta zuwa ƙwaƙwalwar Motorola ta gidan 68000, wadda ke cikin kwamfutar Amiga. A 1994 Jon Hall na kamfanin DEC ya yi hanya aka ba Linus kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Alpha. Da ya zauna aiki a kanta sai ya ga ba zai yiwu a riƙa kwafe Linux gaba ɗaya don kowace ƙira ba. Mafita ita ce a raba gida: tsakar gida ta kowa, sannan kowace ƙira da ɗakinta. Linux 1.2 da ta fito a Maris 1995 ta zo da folda mai suna arch, a ciki akwai ɗakin i386, da na Alpha, da na MIPS, da na SPARC. Har yau haka gidan yake, kuma ɗakunan sun kai kimanin 20.

Ƙirar ARM da muke amfani da ita a Kambirij ta Ingila aka haife ta, a kamfanin Acorn, inda Sophie Wilson da Steve Furber suka fitar da ta farko a 1985. A 1994 wani Bature ɗan Ingila, Russell King, ya fara juya Linux zuwa gare ta a kan kwamfutar Acorn da yake da ita. Babu wanda ya san lokacin cewa wannan ɗakin ne zai ɗauki wayoyin duniya. Shi dai ya ci gaba da kula da shi shekara da shekaru.

TAKARDAR TAMBAYOYI

A farko saitin harhaɗawa tambayoyi ne da ake jero wa mutum ɗaya bayan ɗaya. In ya yi kuskure a tsakiya sai ya koma farko. Daga baya aka ƙara hanyoyi biyu masu nuna jerin zaɓi a allo. Matsalar ita ce kowace hanya da irin yadda take karanta dokokin, har wani lokaci su saɓa wa juna. Wajen shekarar 2000 wani sanannen marubucin manhaja a Amurka, Eric Raymond, ya kawo sabon tsari gaba ɗaya mai suna CML2. An yi ta muhawara kusan shekara biyu, a ƙarshe ba a karɓa ba. Wanda aka karɓa shi ne na Roman Zippel, wanda ya fi kusa da abin da mutane suka saba. Ya shiga a fitowa ta 2.5.45 a ƙarshen Oktoba 2002, kuma shi ne Kconfig da ake amfani da shi har yau.

Ga yadda yake aiki a taƙaice. Kowane zaɓi yana da suna da ɗan bayani. Da yawansu amsa uku gare su: a saka a jikin ƙwayar, a bari, ko a ajiye a gefe sai an buƙata a ɗauko. Kowane zaɓi kuma yana faɗin abin da ya dogara a kai. Ba za ka zaɓi direban kamarar USB ba alhali ba ka zaɓi USB ɗin ba, kamar yadda ba a ɗora jinka kafin a tsayar da bango. Kowane ɗaki a arch yana da nasa fayil ɗin Kconfig da ke bayyana abin da ƙirar ta iya. Na ARM mai bit 64, alal misali, yana ba da zaɓin girman shafin ma'adana: kilobayit 4, ko 16, ko 64. Zaɓuɓɓukan duka sun haura dubu 10, shi ya sa kowace ƙira take ajiye fayil mai suna defconfig, wato amsoshin da aka riga aka cike, don mai harhaɗawa ya samu wurin farawa.

Wahalar kulawa daga nan take. Kusan duk mako 9 zuwa 10 ake fitar da sabuwar Linux. Duk wanda ya taɓa wani abu a tsakar gida, sai an duba ko ya fasa wani abu a ɗakuna 20. Zaɓi guda da aka manta an ɗaure shi da abin da ya dogara a kai ya isa ya hana harhaɗawa a wata ƙira da mai gyaran bai taɓa gani da idonsa ba. Saboda haka tun 2008 Stephen Rothwell na Ostareliya ya kafa linux-next, inda ake tara gyare-gyaren kowa a gwada su tare kafin su kai ga Linus. Akwai kuma kwamfutoci da aikinsu dare da rana shi ne cike amsoshin Kconfig barkatai su harhaɗa, don a gano inda zai karye.

Tsarin shugabancin ba baƙo ba ne a gare mu. Mai gyara yana aika wa mai kula da sashen, shi kuma ya duba ya miƙa wa na sama da shi, har ya kai ga Linus, kamar yadda magana ke tashi daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi zuwa fada. Akwai fayil mai suna MAINTAINERS, wato rajistar masu kula. A gaban kowane sashe an rubuta sunan mai shi da halin da yake ciki: ko akwai wanda ake biya don ya kula da shi, ko mai yi don sa kai, ko mai leƙowa jefi-jefi, ko kuwa sashen ya zama maraya. Kalmar da suke amfani da ita ke nan, maraya.

LOKACIN DA ƊAKIN ARM YA CIKA DA SHIRGI

Ɗakuna kan yi yawa ba dalili. Lokacin da AMD ta fito da x86 mai bit 64, an buɗe mata ɗaki dabam da na mai bit 32. Sai ya zama a gyara kuskure a nan a manta da can. A 2007 Thomas Gleixner da Ingo Molnar suka haɗe biyun suka zama ɗaki ɗaya, x86, wanda ya fito a Linux 2.6.24 a Janairu 2008.

Na ARM ya fi wannan rikici. A wancan lokacin kamfanin ARM ba ya ƙera ƙwaƙwalwa da kansa, zanen yake sayarwa. Kowane kamfani ya saya ya ƙara nasa kayan, kowane mai haɗa na'ura kuma ya jera su yadda ya ga dama. Kwamfutar tebur tana iya gaya wa manhaja abin da ke cikinta, na'urorin ARM kuwa yawanci ba sa iyawa. Don haka kowane allon na'ura sai an rubuta masa fayil nasa, da nasa defconfig mai dubban layuka. Da wayoyin Android suka fara fitowa a 2008, abin ya ƙara yawa.

A tsakiyar 2010 Linus ya yi ƙorafi kan tulin defconfig na ARM. Aka fito da dabarar ajiye amsoshin da suka saɓa wa na asali kaɗai, aka zubar da kusan layi dubu 200 a gyara guda. A Maris 2011 ya sake fusata, ya yi magana mai zafi cewa kowane kamfani na ta maimaita aikin ɗan uwansa babu mai tsawatarwa. Maganar ta yi ɗaci, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mutanen ARM suka zauna. Arnd Bergmann na Jamus da Olof Johansson da wasu suka kafa mashiga ɗaya da duk gyaran kamfanonin ARM zai bi ta cikinta. Ƙungiyar Linaro, wadda ARM da IBM da Samsung da Texas Instruments da wasu suka kafa a 2010, ta ba da ma'aikata.

Babban maganin shi ne abin da ake kira bishiyar na'ura, dabarar da aka aro daga kwamfutocin Sun da na PowerPC. Maimakon a ɗinka bayanin kowane allo a jikin ƙwayar, sai a rubuta shi a wani ƙaramin fayil dabam: ga inda ma'adana take, ga wayar da ta haɗa allo da kamara. Ƙwayar ta karanta lokacin da na'ura ke tashi. A Linux 3.7, Disamba 2012, aka fara samun ƙwaya ɗaya da ke iya tashi a kan na'urorin ARM na kamfanoni daban-daban. A wannan fitowar ce kuma aka buɗe ɗakin ARM mai bit 64, ƙarƙashin kulawar Catalin Marinas, kuma an gina shi tun daga tushe da defconfig guda. Yawancin sababbin wayoyin da ke hannunmu, masu ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc ko Qualcomm, daga wannan ɗakin ake harhaɗa musu ƙwaya.

ƊAKUNAN DA AKA RUSHE

Dattawanmu sun san yadda ake riƙe ganuwa a da. Bayan damina a kan raba ta, kowace unguwa ta yaɓe nata ɓangaren. Inda aka daina yaɓe, ruwa ne ke gama aikin. Haka abin yake a Linux, sai dai su ba sa jiran ya zube da kansa, saboda ɗakin da ba mai kula yana jawo wa kowa nauyi.

A Disamba 2012 Ingo Molnar ya kawo shawarar a cire tallafin Intel 386 kanta, ƙwaƙwalwar da aka haifi Linux a kanta, domin tana wahalar da duk mai son gyara yadda ƙwaƙwale da yawa ke aiki tare. Intel ta daina ƙera ta tun 2007. Linus ya amince ba tare da jan magana ba, Linux 3.8 ta fito a Fabrairu 2013 babu ita.

A 2018 Arnd Bergmann ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar masu kula da su ko akwai sauran mai amfani. Ƙira takwas suka fita lokaci guda a Linux 4.17: Blackfin, CRIS, FR-V, M32R, Metag, MN10300, Score da Tile. Kusan layi rabin miliyan aka share. Labarinsu ya yi kama da juna. Kamfani ya ƙera tasa ƙwaƙwalwar, daga baya ya ga sayen zanen ARM ko makamancinsa ya fi araha, ya janye ma'aikatansa. Wasunsu ma sabon tafinta ya daina jin yarensu, ba mai iya gwada ko suna harhaɗuwa.

Girman kamfani bai ceci kowa ba. Intel da HP sun zuba dukiya mai yawa a ƙirar Itanium, wadda ta fito a 2001 da niyyar ta gaji x86. A farkon 2021 aka rubuta mata maraya a rajista, a shekarar Intel ta yi jigilar ƙarshe, a Linux 6.7 kuma, Janairu 2024, aka rushe ɗakin. Amma Motorola 68000, ƙirar 1979, tana nan daram. Geert Uytterhoeven na Beljiyam ya shafe shekaru yana kula da ita, yana gwadawa, yana amsa wasiƙu. Ƙirar SuperH ta Japan ma an kawo shawarar cire ta a Janairu 2023, sai John Paul Adrian Glaubitz ya ce ya ɗauki nauyin kula da ita, aka bar ta.

Ba a rushewa da ka. A 2022 Arnd ya saka wani zaɓi a Kconfig da ya yi wa tsofaffin allunan ARM alamar cewa ba a san mai amfani da su ba. Duk mai buƙata ya fito ya yi magana. Waɗanda aka yi magana a kansu aka bar su, sauran aka cire a Linux 6.3 a 2023, kimanin layi dubu 150. Ana rushe wasu kuma ana gina wasu. RISC-V, ƙirar da aka fara a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 2010 wadda kowa ke iya ƙerawa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, ta samu ɗaki a Linux 4.15 a Janairu 2018. LoongArch ta ƙasar Sin ta shiga a 5.19 a 2022.

INA RUWANMU?

Ruwanmu yana cikin aljihunmu. Kamfanonin waya da yawa kan ɗauki Linux ta wani lokaci, su ƙara nasu gyaran da nasu saitin a gefe, ba su mayar da shi babban gida ba. In sun koma kan sabuwar waya, tsohuwar ta zama marainiya. Tana kira, tana shiga WhatsApp, amma ramukan tsaro da ake ganowa ba mai toshe mata su. Ga shi a cikinta muke ajiye manhajar banki da kuɗin jari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Google ta ga wannan matsala, shi ya sa daga Android 12 ta wajabta wa sababbin wayoyi masu sabuwar ƙwaya amfani da ƙwaya guda ta bai-ɗaya, kayan kowane kamfani kuma a ajiye su a gefe. Darasin 2011 ne aka sake karantawa.

Don haka in za mu sayi waya, bayan tambayar girman batir da kyan kamara, mu tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin aiko da gyaran tsaro. A cikin saitin kowace wayar Android, wajen bayanin waya, akwai lambar ƙwayar Linux da ranar gyaran tsaro na ƙarshe. Mu duba namu yau. Tsofaffin kwamfutocin da ke jibge a makarantu da ofisoshinmu kuma, waɗanda sabuwar Windows ta ƙi, da yawansu za su tashi da Linux, domin ɗakin x86 yana da masu kula.

Ga ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke karatu a Gadau da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da masu gyaran waya da ke son wuce canjin allo da madannin caji: wannan aikin ba a neman takardar shaida kafin a shiga. Rubutun Linux kyauta ne, tafintan kyauta ne, akwai kuma manhajar QEMU da ke sa laftof ɗinka ta kwaikwayi ARM ko RISC-V ba sai ka sayi na'urar ba. Ta imel ake aika gyara. Mutane da dama da ƙaramin abu suka fara, kamar gano zaɓin Kconfig da ke hana harhaɗawa, su aika gyaran layi biyu. In an karɓa, sunan mutum yana shiga tarihin aikin. Ana buƙatar Turanci daidai gwargwado, da harshen C, da haƙurin karɓar gyara daga wanda bai san ka ba. Matsalar wuta da kuɗin data gaskiya ce, amma in mutum uku ko huɗu suka haɗa kai, nauyin zai ragu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Duk ɗan ƙasar Katagum da ya taɓa harhaɗa Linux da hannunsa, ko yake wannan fanni a gida ko a waje, muna roƙon ya yi mana magana a ƙarƙashin wannan rubutu, domin mu haɗa shi da matasan da ke son koyo.

Allah Ya yi wa neman iliminmu albarka, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.

Sakataren ƙungiya